Yadda Ake Zaɓen Gidan Sauti a Fiyano Wajen Tsara Waƙa ko Kiɗan Nan-take

Yawancin masu koyon fiyano daga C suke farawa, a C suke ƙarewa, har ya zama hannu ne yake yanke hukunci, kunne yana biye. Ba abin mamaki ba ne, tunda a C babu baƙin maɓalli ko ɗaya da zai tare maka hanya. Amma sau da yawa waƙar da ake ji kamar ba ta zauna ba, karinta lafiya lau yake, kalmominta ma haka, gidan da aka ajiye ta ne bai dace da ita ba. Mawaƙi yana ta ƙoƙarin kamo sautin da ya fi ƙarfin maƙogwaronsa, ko kuma hannun hagu yana ruri a can ƙasa har ba a rarrabe abin da ake kaɗawa.

Gidan sauti, wanda makaɗa ke kira kii, shi ne sautin da kiɗa ke komawa ya huta a kansa, tare da sauran sautukan da ke kewaye da shi. Fiyano cikakke yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, amma sautuka 12 ne kawai suke ta maimaita kansu daga ƙasa zuwa sama. Kowane ɗaya daga cikinsu zai iya zama gida, kuma kowane gida iri biyu ne, meja da maina. Gidaje 24 ke nan. Daga maɓalli zuwa na kusa da shi, fari ko baƙi, rabin taki ne, biyu kuma cikakken taki. Alamar ♯ ana kiranta shaf, tana ɗaga sauti rabin taki, ♭ kuma filat, tana sauke shi rabin taki. Fararen maɓallai ana kiransu C, D, E, F, G, A, B. C na tsakiyar fiyano shi ne C4, lambar tana ƙaruwa duk lokacin da ka iso sabon C a sama, don haka G3 shi ne G ɗin da ke ƙasa da C na tsakiya.

Matakan da ke tafe a jere suke bisa nauyinsu. Idan biyu suka yi karo, wanda ya fara zuwa a jerin ne yake da rinjaye.

Mataki na farko: gano inda karin ya riga ya zauna

Idan karin waƙar a bakinka ya fara zuwa, kada ka yi saurin kai hannu kan fiyano. Rera shi ka naɗa a waya tukuna, domin da zarar yatsu sun shiga, za su ja karin zuwa inda suka saba, kuma ba za ka ma lura ba.

Bayan ka naɗa, saurari inda karin yake sauka ya huta, galibi a ƙarshen amshi. Nemo wannan sautin a fiyano, ka danne shi da hannun hagu a ƙasa, ka sake rera waƙar tun daga farko a kansa. In shi ne gidan, za ka ji komai yana jingina da shi ba tare da gardama ba. In ba shi ba ne, za ka ji waƙar tana neman wani wurin. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne kama sauti na biyar a maimakon gida, misali a ɗauka G ne alhali C ne, saboda su biyun suna jituwa ƙwarai. Gwada duka biyun, ka ga wanne ne in ka tsaya a kansa ba ka jin sauran magana.

Daga nan ka duba sauti na uku a tsanin waƙar, wato jerin sautukanta daga gida zuwa sama. In tazararsa daga gida rabin taki huɗu ce, kamar C zuwa E, meja ke nan. In uku ce, kamar C zuwa E♭, maina ce.

Mataki na biyu: murya ita ce gaba

A nan gizo ke saƙa. Muddin akwai mai rerawa, muryarsa ce take zaɓen gida, kai makaɗi naka bi ne. Fiyano zai iya kaɗa kowane gida, maƙogwaro kuwa yana da iyaka, kuma tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga.

Abu biyu za ka auna. Na farko faɗin waƙar: sautinta mafi ƙasa da mafi sama. Na biyu faɗin muryar mawaƙin, kuma ba iyakar abin da zai iya kaiwa da ƙyar ake nufi ba, a'a, inda yake rerawa cikin sauƙi kalmomi suna fita tar. Ka sa shi ya bi fiyano daga tsakiya yana sauka har inda murya ta fara zama iska, ka rubuta. Sannan ya hau har inda ka ga jijiyar wuya ta fara tashi, ka rubuta sautin da ke ƙasa da wannan.

Ga misali. A ce ka tsara waƙa a C, mafi ƙasanta G3, mafi samanta A4. Mawaƙiyar da za ta rera kuma muryarta tana sakewa ne daga A3 zuwa C5. A C, ƙasan waƙar ya faɗa rabin taki biyu a wajen muryarta, ga kuma fili na rabin taki uku a sama da ba a taɓa ba. Ka ɗaga waƙar da biyu ta koma D: yanzu tana tsakanin A3 da B4, ta shiga cif, har da ragowar rabin taki a sama. Ka ɗaga da uku ta koma E♭: tana tsakanin B♭3 da C5, ƙasan ya ƙara fitowa, amma ƙololuwar ta zauna daidai bakin iyaka. Wanne za a ɗauka? In naɗi za a yi a sutudiyo, inda za ta iya maimaitawa ta huta, E♭ zai ba wa amshin wani zafi da kunne ke so, domin murya idan ta kusanci iyakarta tana ɗauke da motsin rai. In kuwa a gaban jama'a za ta rera, bayan wasu waƙoƙin da suka riga suka gajiyar da ita, D ya fi aminci. Ni a irin wannan hali D nake zaɓa, domin sautin da ya fita da kyau kullum ya fi wanda ke fita wata rana ya ƙi wata rana.

Akwai abin da ya fi ƙololuwa da ƙasa muhimmanci, kuma an fi mantawa da shi: inda waƙar ta fi daɗewa. Sautin sama guda ɗaya da aka taɓa aka wuce ba ya gajiyar da kowa. Amshin da ya yi ta shawagi a sama layi bayan layi shi ke cinye murya. Don haka ka duba sautuka uku ko huɗu da karin ya fi yawan zagayawa a kansu, ka tabbata sun faɗa tsakiyar muryar. Ka kuma lura da wasalin da ya zo a kan sautin sama. Wasalin "a" yana buɗe baki, yana sauƙin riƙewa a sama, "i" da "u" kuwa suna matsewa. Wani lokaci sauya kalma ɗaya ya fi sauya gida gaba ɗaya sauƙi.

In taron jama'a ne za su yi amshi tare, ka tsare karin tsakanin C4 da D5 gwargwadon iko, maza za su bi shi a oktaf ɗin ƙasa da kansu (oktaf shi ne tazarar da ke tsakanin C da C na gaba). Kuma kada ka yi awon da sassafe a kan muryar da ba ta warware ba, za ta nuna maka ƙasa fiye da gaskiyarta.

Mataki na uku: su wa za ku yi kiɗan tare?

Igiyoyin jita a sake E, A, D, G, B, E ne, shi ya sa take ƙara da daɗi a gidajen E, A, D, G da C. Bayolin ma igiyoyinta G, D, A, E ne. Kayan busa kuwa ta ɓangaren filat suka karkata. Turampet da saksafon tena a B♭ aka gina su, saksafon alto a E♭, wato abin da suke karantawa a takarda daban yake da abin da kake dannawa. In kana kaɗawa a E♭, mai turampet yana karanta F mai filat ɗaya, mai alto yana karanta C wanda ba shi da komai. Ka matsa rabin taki kacal zuwa E, mai turampet ya faɗa F♯ mai shaf shida, mai alto C♯ mai shaf bakwai. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kiɗan jaz ya cika da F, B♭ da E♭, kiɗan da jita ke jagoranta kuma ya cika da E, A da D.

In murya ta nemi E♭ ga kuma mai jita, ba sai an yi jayayya ba: ya ɗaura kafo, abin da ke matse igiyoyi ya ɗaga sautinsu, a gaɓa ta farko ya kama kamar yana D.

Mataki na huɗu: saurari inda kiɗan ya faɗa a jikin fiyano

In babu murya babu abokan kiɗa, kai kaɗai ne da fiyano, wannan matakin ne ya zama na farko. Sauya gida yana matsar da komai sama ko ƙasa, kuma fiyano ba murya ɗaya gare shi ba daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Maɓallin farko, A0, yana kaɗawa sau 27.5 a daƙiƙa, na ƙarshe, C8, sama da sau 4,000. Igiyoyin ƙasa dogaye ne masu kauri, sautinsu yana daɗewa yana cika ɗaki. Na sama gajeru ne, suna ƙyalli su mutu da wuri.

Gwada wannan da hannun hagu. Danna C2, E2 da G2 tare. Za ka ji sun cakuɗe sun yi duhu, kamar ana magana a cikin rijiya mai zurfi ba a jin kalma. Yanzu ka bar C2 da G2 a inda suke, ka ɗauke E ka kai shi E3. Kod ɗin, wato sautukan da aka danna tare, bai canza ba, amma ya washe. Ƙa'idar ita ce, ƙasa da wajen C3 sautukan da ke kusa da juna ba sa rabuwa a kunne, sai an buɗa tsakaninsu. To gidan da ka zaɓa shi ke nuna inda tushen kod ɗinka zai sauka. Salon hannun hagu da ya yi tsaf a F zai iya dagulewa in ka saukar da shi zuwa C na ƙasa, in kuma ka haura da shi zuwa C na sama ya rasa nauyi. Ka kaɗa layi huɗu na farko a gidaje uku, na asali, da wanda ke sama da taki ɗaya ko biyu, da wanda ke ƙasa da haka, kana sauraron abu biyu: ƙasan yana da nauyi ba tare da laka ba? Karin yana waƙa, ko ya yi sirantar da ba ta da jiki?

Mataki na biyar: abin da hannu ke so

Mutane da yawa suna gudun baƙaƙen maɓallai, alhali su ne suka fi dacewa da surar hannu. Chopin, wanda ya koyar da fiyano a Faris, yakan fara wa ɗalibansa da tsanin B meja, ya bar C sai daga baya saboda a ganinsa ya fi wuya. Ɗora hannun dama ka gani: babban yatsa a E, dogayen yatsu uku a F♯, G♯, A♯, ƙaramin yatsa a B. Dogaye sun hau tudu, gajeru sun zauna a ƙasa, hannu ya sake ba tare da an tanƙwara komai ba. A C kuwa duk maɓallan a shafe suke, babu abin da yatsa zai shafa ya gane inda yake.

D♭ meja ma haka yake: baƙaƙe biyar duka, da farare biyu, F da C, inda babban yatsa ke sauka. Debussy, mai tsara kiɗa Bafaranshe, a wannan gidan ya rubuta Clair de lune. Wahalar irin waɗannan gidaje a ido take, wajen karanta takarda, ba a hannu ba.

Ga mai kiɗan nan-take akwai wata fa'ida. A gidan da ka fi sabawa, yatsu suna da hanyoyin da suka haddace, kuma za su bi su ko ba ka umarce su ba. Shi ya sa wani ke jin duk abin da ya ƙirƙira kama yake da juna. Ka koma gidan da ba ka saba ba, gudun zai ragu, dole kunne ya riga yatsa, kuma daga nan ne sabon kari ke fitowa. In kana son ƙofa mai sauƙi, fara da baƙaƙen maɓallai zalla. Su biyar ɗin tsani ne mai sauti biyar, babu rabin taki a tsakaninsu, don haka da wuya ka danna abin da zai soki kunne. Riƙe G♭ da D♭ da hannun hagu, dama ta yi yawo a baƙaƙe, za ka ji haske. Mayar da hagu kan E♭ da B♭, dama ta ci gaba da abin da take yi, nan take yanayin ya koma maina. Wannan gwajin kaɗai ya isa ya nuna maka cewa sautin da ke ƙasa shi ke faɗin inda gida yake.

Batun cewa kowane gida da halinsa

Za ka ci karo da jadawalin da ke cewa wannan gida na farin ciki ne, wancan na makoki, wancan na soyayya. Abin yana da asali. Wani marubuci Bajamushe, Christian Schubart, ya yi irin wannan bayani a littafin da aka buga a 1806 bayan rasuwarsa, inda ya danganta D meja da nasara da murna. A zamanin da, yadda ake saita kayan kiɗa masu maɓalli ya sa tazarar sautuka ba daidai take ba a kowane gida, wani gidan ya fi santsi, wani ya fi kaushi, har akwai waɗanda ba sa kaɗuwa da daɗi sam. Lokacin da Bach, mai tsara kiɗa Bajamushe, ya haɗa kundinsa na 1722 mai kiɗa a dukkan gidaje 24, yana nuna cewa da saiti mai kyau kowane gida zai kaɗu.

Fiyanon yau an raba oktaf ɗinsa gida 12 daidai wa daida. Tazarar da ke cikin D meja ita ce a cikin A♭ meja, bambancin tsawo ne kawai. Shi kansa tsawon bai tsaya wuri ɗaya ba a tarihi: Faransa ta tsayar da A a kan kaɗawa sau 435 a daƙiƙa a 1859, wani taro a Landan ya amince da 440 a 1939, masu kaɗa kiɗan zamanin Bach a yau kuma da yawa suna saitawa a 415, kusan rabin taki ƙasa. Ke nan abin da wani ya kira D a da, ba lallai ne shi ne D ɗinka ba.

Ba ina cewa abin da kake ji ƙarya ba ne. In D♭ yana yi maka taushi, da gaske kake ji, sai dai dalilin yana wajen inda sautukan suka faɗa, da yadda hannunka ke sauka a kan baƙaƙe, da kiɗan da ka taɓa ji a gidan. Ka yi amfani da wannan jin, amma kada ka sa mawaƙi ya shaƙe saboda jadawali ya ce gidan kaza ne na baƙin ciki. Abin da ke sauya yanayi da gaske shi ne meja ko maina, da sauri ko jinkiri, da kod ɗin da ka zaɓa. Kowane meja yana da ɗan'uwa maina da suke tarayya a sautuka, rabin taki uku a ƙasansa: C da A maina, G da E maina, E♭ da C maina. Kaɗa C, F, G, C, sannan A maina, D maina, E meja, A maina. G♯ ɗin da ke cikin kod na E shi ke jan kunne ya tabbatar masa gida ya koma A.

Mataki na shida: in za ka sauya gida a tsakiya, shirya tun farko

Tun ran gini ran zane. Gidajen da suka fi kusa su ne waɗanda bambancinsu bai wuce shaf ko filat ɗaya ba. Daga C, su ne G, F, A maina, E maina da D maina. Hanya mafi santsi ita ce ta kod ɗin da gidajen biyu suke da shi: A maina na shida ne a C, na biyu ne a G, don haka C, A maina, D7 (kod ɗin D da aka ƙara wa sauti na bakwai), G zai kai ka ba tare da mai sauraro ya ji an yi tsalle ba.

Ɗaga amshin ƙarshe kuwa, daga C zuwa D♭ ta hanyar A♭7, ko zuwa D ta hanyar A7, yana tayar da tsikar jiki in an yi shi a inda ya dace. Sharaɗin shi ne ka koma lissafin mataki na biyu. Mawaƙiyar nan da muka ajiye a D tana da ragowar rabin taki ɗaya, za ta iya hawa E♭ a ƙarshe. Da a E♭ aka fara, babu inda za a je.

Maɓallin sauya gida na kibod

Kusan kowane kibod na lantarki yana da maɓallin da zai bar ka kana danna C ana jin E♭. Ba laifi ba ne, kuma ba sabon abu ba ne. Irving Berlin, ɗaya daga cikin fitattun masu tsara waƙa a Amurka, kusan a F♯ kaɗai yake kaɗawa, yana da fiyano na musamman mai hannun da ke matsar da maɓallai zuwa wani gidan. Wajen gwada wa mawaƙi gidaje cikin hanzari, maɓallin yana da amfani sosai. Illarsa biyu ce: ranar da aka zaunar da kai gaban fiyano na katako babu shi, sannan yana tsare ka cikin hanyoyin yatsu na gida guda har abada.

Maganin shi ne ka riƙa tunanin kod da lamba. A C, 1, 4, 5, 6 su ne C, F, G, A maina. A D su ne D, G, A, B maina. A E♭ su ne E♭, A♭, B♭, C maina. Ɗauki waƙa guda da ka iya sosai, ka kaɗa ta a G har ta zauna, sannan D, sannan A, kowane gida yana ƙara shaf ɗaya a kan na baya. Ka dawo ta ɗaya ɓangaren, F, B♭, E♭, kowanne yana ƙara filat ɗaya. Gida ɗaya a mako ya wadatar.

Yanke hukunci

Bayan duk wannan, galibi gidaje biyu ne za su rage, kuma maƙwabtan juna. Naɗi baiti ɗaya da amshi a kowanne, da murya in akwai, ka ajiye sai gobe. Kunnen da ya yini yana jin abu ɗaya yakan fifita wanda ya saba da shi, ko kuma wanda ya fi hawa sama don kawai ya fi ƙyalli. Washegari ka saurara ba tare da duba wanne ne wanne ba, a lasifika mai kyau da kuma a ta waya, domin ƙaramar lasifika ba ta fitar da sautukan can ƙasa, kuma gidan da duk nauyinsa ya dogara da su zai rame a cikinta.

In ka tsayar, rubuta sunan gidan a saman takarda tare da sautin da murya ke farawa da shi, da mafi samanta, sannan kod ɗin da lambobi, yadda in wani mawaƙin ya zo za ka matsar da waƙar cikin minti kaɗan. Wajen rubutawa ka ɗauki sunan da ya fi sauƙin karantawa: D♭ mai filat biyar maimakon C♯ mai shaf bakwai, B mai shaf biyar maimakon C♭ mai filat bakwai. F♯ da G♭ kuwa shida-shida ne, sai ka duba abokan kiɗanka: in masu igiya ne rubuta F♯, in masu busa ne rubuta G♭.